Ina Da Mai Karatu A Gida

Isyaku ɗan adaidaita sahu ba shi da abin alfahari kamar 'yarsa Maimuna. Shi bai taɓa zama a aji ba, daga ƙauyensu na wajen Garko ya shigo birni ya kama haya a Ƙauyen Alu. Amma ga 'yarsa a aji shida na firamaren gwamnati. In ta buɗe littafi da yamma ta hau zuba karatu ba gargada, sai ka ga bakinsa ya ƙi rufuwa. Likita yake kiranta. Fasinjan da ya ɗauko daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Tarauni ba ya sauka sai ya sha labarinta, ko yana so ko ba ya so.

Maƙwabciyarsu Malama Zulaihat ta daɗe tana koyarwa kafin ta ajiye aikin. Ba ƙyuya ce ta kore ta ba. Yaran ajinta sun haura ɗari, wasu a kan taga, wasu a ƙasa, ba dabarar da ta rage mata sai ta faɗa su amsa gaba ɗaya. Da ta gano ɗanta na cikinta ya kai aji huɗu bai iya rubuta sunansa ba, sai ta dawo da 'ya'yanta gida. Yanzu a tsakar gida take koya musu tare da yaran wata nas, kuma kowa sai ya karanta shi kaɗai.

Wata rana ta iske Maimuna tana karatun nata a ƙofar gida. Ta lura yatsan yarinyar yana wani layi, bakinta yana wani. Ta juya shafi ta nuna mata kalma ɗaya, Maimuna ta sunkuyar da kai, ta kasa karanta ta.

Malama ta tare uban da yamma. "Malam Isyaku, yarinyar nan hadda take yi, ba karatu ba. Abin da kunnenta ya ji a aji take maimaitawa. Ka bar min ita ko da bayan la'asar ne."

Maganar ta sosa masa rai. Ya ce makarantar da ba yunifom, ba ƙararrawa, ita ma makaranta ce? A ɗaki ya gaya wa matarsa Hajara cewa hassada ce kawai, ya hana Maimuna shiga gidan Malama. Kullum yana wuce allunan talla a titi da ita a baya, bai taɓa cewa ta karanta masa ko ɗaya ba.

Ana nan sai zazzaɓi ya kama ƙaninta Anas, ɗan yaye, ga ƙazwa ta feso masa a hannu. Isyaku ya tsaya a kemis da fasinja a cikin keke. Mai kemis ya ba shi kwalba biyu masu kama da juna, ɗaya ta sha don zazzaɓin, ɗaya ta shafawa a fata. Ya rubuta bayani a jikin kowacce, ya fara yi masa kashedi, fasinja kuwa suna ta ƙwala kira.

"Bar shi kawai," in ji Isyaku, "ina da mai karatu a gida."

Ya iske Anas a cinyar Hajara, jikinsa kamar garwashi. Ita ma Hajara ba ta yi boko ba. Ya miƙa wa Maimuna kwalaben ya ce Likita ta nuna maganin sha.

Maimuna ta duba ta dama, ta duba ta hagu. Babu muryar malami da za ta fara faɗa ta bi. Uwa tana riƙe da cokali, uba yana kallonta yana murmushi. Ta miƙa ta dama.

Ba a jima ba Anas ya fara amai, sannan ya sanƙare, idonsa ya juye. Kukan Hajara ne ya fito da Malama Zulaihat. Tana duba kwalbar ta ga ta shafawa aka ba shi, ta yi salati, ta saɓi yaron. Isyaku ya ja keke yana kutsawa cikin cunkoson Gyaɗi-Gyaɗi har asibitin koyarwa. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, amma kafin magariba Anas ya cika.

A barandar asibitin Maimuna ta kama rigar ubanta. "Baba, ban iya ba. Ban taɓa iyawa ba. Tsoro na ji kar ka daina ce min Likita."

Isyaku ya zauna a ƙasa, ya rasa wanda zai ɗora wa laifi sai kansa. Bayan an share makoki ya riƙo hannun 'yarsa zuwa gidan Malama Zulaihat. Ita kuwa Malama ba ta tuna masa da komai ba, ta shimfiɗa wa yarinyar tabarma, suka fara daga harafin farko.

Iyaye, yunifom ba ya karatu. In makaranta ta cika ta gaza, gida bai kamata ya gaza ba: ku gwada yaranku yau, in ba ku iya ba ku nemi wanda ya iya, kuma ku ba yaro damar cewa "ban gane ba" ba tare da tsoro ba.