Motar da Ta San Inda Take Zuwa

Tunda ka ce motoci biyu ne a gabanka ka rasa ta ɗauka, gyara zama ka ji abin da ya sami wani mai fataucin dabino a wani gari na bakin hamada. Mutumin ya gaji da jiran manyan motoci, ya ce shi ma zai sayi tasa, irin mai ja da ƙafa huɗu wadda ke keta rairayi. Dillali ya nuna masa biyu. Ɗaya tsohuwa ce, duk jikinta tabo, ƙofarta sai an doka mata kafaɗa take rufuwa. Ɗayar fara ce sol, injinta ko tari ba ya yi, ga ta kuma da araha har abin ya ba shi kunya. Direbobin hamada na zaune a inuwa suna shan shayi, babu wanda ya ko ɗora mata hannu. Shi kuwa gogan naka sai ya ɗauka hassada ce.

To su mutanen can suna da yadda suke gwada mota. Sukan kai ta faƙo, inda ƙasa ta shimfiɗu babu tudu babu kwari, direba ya saki sitiyari ya bar ta ta yi tafiyarta. In an yi nisa sai ya sauko ya tsuguna ya dubi sawunta a baya. In sawun ya miƙe kamar zare, mota ce. In ya karkata ko da kaɗan, ko kyauta aka ba su ba sa so. Wani tsohon direba ya ce masa, “Alhaji, ka kai ta faƙo tukuna.” Ina! Ya ce shekararsa nawa yana tuƙi, za a koya masa mota? Ya hau kwalta ya je ya dawo, ya ji ta sumul. Bai san cewa a kan kwalta hannu ne ke gyara mota ba tare da mai hannun ya sani ba. Ya ɗauki farar.

Suka kama hanya shi da ƙaninsa, da ruwan yini guda, don tsakaninsu da rijiya ta gaba tafiyar yini ce, kuma duk wanda ya kuskure rijiyar nan ya kuskure ransa. Suka wuce alamar hanya ta ƙarshe rana tsaka, lokacin da mutum ke taka inuwarsa, gabas da yamma duk ɗaya. Suka tsaya suka yi azahar, suka ci gaba. Can sai ga sawun mota sabo a gabansu. Ya yi hamdala, ya ce ashe suna kan hanya, ya bar duban rana ya bi sawu. Da aka jima sawun ya zama na motoci biyu, sannan na uku. Har yana tsokanar ƙaninsa, wai hamadar da ake tsorata mutane da ita ga ta kamar hanyar kasuwa. Amma ransa ya fara ɓaci, don ya daɗe yana gudu bai cim ma kowa ba, ko ƙurar mota bai hango ba. Sai ƙanin ya ce ya tsaya. A gefen sawun akwai gurbin goshi biyu a rairayi, da gurbin gwiwoyi, da inda aka zubar da ruwan alwala. Inda suka yi salla ne. Tun azahar kansu suke bi.

Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Ya murɗa sitiyari ya fita daga sawun, amma mai ya riga ya ƙare, ba su yi nisa ba motar ta yi shiru a bayan wani tudun rairayi. Da suka sauko suka tarar ba su ne na farko a wurin ba. Ga jarkoki babu komai a ciki, ga butar shayi a kife, ga takalma ƙafa biyar an jera su a tsanake kamar a ƙofar masallaci, masu su babu ko ɗaya. An kafa wata shuɗiyar ƙofar mota a rairayi don a sami inuwa. Ya dubi ƙofar, ya juyo ya dubi motarsa, ya ga ƙofarta ta baya ta fi sauran jikin sabunta. Ya sa makulli ya kankare fentin gefen motar. A ƙarƙashin farin, shuɗi ne.

A kwana na uku ayarin masu gishiri ya tsince shi, harshe ya kumbura, yana riƙe da ƙafar ƙaninsa wanda ya riga ya cika. Ya ce ko sunan motar kada a ƙara ambata masa. Da kanikawa suka ji labari suka ce ƙashinta, wato ƙarfen da ke ɗauke da jikinta, shi ne ya karkace tun wani tsohon haɗari, shi ya sa take jan hagu. To, na ji, amma ni dai ban san karkacewar da ke kai mutane bayan tudu guda har sau biyu ba. Wata bai cika ba wasu suka je suka jawo ta, aka wanke, aka shafe ta da kore, aka ajiye ta a bakin kasuwa, dillali na rantsuwa ko tari ba ta yi.

Don haka kafin kyau da araha su ɗebe ka, ka tambayi abin da ya raba ta da mai ita. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa.