Butar Tabawa

Tun da aka kafa dokar taurari, ba a sayar da kaya a kasuwa sai wanda masu gwaji suka yaba. Butar roba tauraro ɗaya ta samu, aka kwashe ta daga rumfuna.

Malam Tsalha ya dogara sandarsa har rumfar Sallau. Hannun matarsa Tabawa na dama ya shanye. Da gwiwa take karkata butarta ta yi alwala, ga shi butar ta tsage.

Sallau ya ɗauko wata mai sheƙi. Nan take allon rumfar ya yi magana da muryar mace: "Taurari biyar. Tana ɗumama ruwa, launinta na kwantar da rai."

"In an karkata ta da gwiwa, tana zuba?" in ji tsohon.

"Sai an riƙe murfin a danne, Baba."

"Hannun Tabawa ɗaya ne."

Sallau ya tambayi allon. Muryar ta ce, "Masu gwaji ba su duba wannan ba. Kuna son jin launukanta?"

"Masu gwajin nan suna alwala kuwa?"

"Baba, rage murya, allon yana ji. Kada ka sa a zaftare wa rumfata tauraro."

Malam Tsalha ya koma gida hannu rabbana. Da azahar ya durƙusa yana zuba wa Tabawa ruwa da kwano. Ta kawar da kai.

"Har banɗaki za ka riƙa bi na, Malam?"

Ya sake cika kwanon, ya yi gaba zuwa banɗakin.