Hannun Riga na Hagu

Alhaji Mamuda ya tsayar da 'yar tsanar roba a kan tebur, ya gyara mata riga kamar mai tarbar baƙuwa. A wani babban kanti na Kaduna ya sayo ta, shekarar da aka ƙara wa ma'aikata albashi kowa ya faɗa sayen kayan Turai.

Mata shida ke neman aikin koyar da ɗinki a sabon ajin matan Sabuwa, keken ɗinki kuwa ɗaya ne tak, na wadda aka ɗauka. Alhaji, shugaban kwamitin ajin, ya ce wadda ta fi kwaikwayon rigar 'yar tsanar nan ita ke da aiki, ita ke da keke.

Suwaibatu, bazawara daga Damari, shekara ashirin tana ɗinki da allura, ido ya fara yi mata gardama. Ba a san ta da komai ba sai ƙananan rigunan wasan yara da takan ƙulle ta ba direban motar Funtuwa, abin da teloli ba su kira sana'a.

Sauran matan suka yanyame tebur suna ƙirga ɗinki, suna auna wuya da ɗan yatsa. Ita ko tashi ba ta yi ba. Ta yanka ƙyalle, ta zura zare, ta riga kowa gamawa.

Alhaji ya jera rigunan biyu, ya daɗe yana dubawa.

"Komai ya yi, amma hannun hagun nan ba ɗaya ba ne."

"Na waccan ya karkace, Alhaji. Gyarawa na yi."

"Ke ce za ki gyara wa Turawa aiki?" Matan suka rufe baki suna dariya. "Warware ki maida shi yadda yake, in ba haka ba keke ya wuce ki."

Ta dubi keken, baƙi wuluk, ko zare ba a taɓa sa masa ba. Sannan ta soke allurarta a gefen zane.

"Ban warwarewa, Alhaji. Ɗan kasuwar da ke kai wa kantin nan, tsirara yake sayo 'yan tsanan cikin kwali, ni ke ɗinka masu riguna. Ranar da na ɗinka waccan zazzaɓi nike, kuma ban yin kuskure guda sau biyu."