Sunayen da Firinta Ta Ƙi Faɗa

Mari na uku ne ya fasa wa Mai Tabarau, ma'aikacin kwamfuta na masana'anta, leɓe. Dogo, ɗan daban da Manaja ya ɗauko, ya danna masa kai a kan teburin kwamfuta.

"Ƙorafi arba'in aka kai wa hukuma a kan injina," in ji Manaja. "Ta manhajar da ka rubuta suka bi. Fito min da sunayen, yau kowa zai san ni."

Mai Tabarau ya taɓa madannai. Jerin masu ƙorafi da ya gina a cikin manhajar yana ajiye kowa ne a matsayin ma'aikaci kawai, bai taɓa koya masa faɗin sunan kowa ba. Firinta ta yi tari, ta tofo takarda: Ma'aikaci@7c3f, layi bayan layi, kamar sahun tururuwa.

"Wannan kuma wane yare ne?" in ji Manaja.

"Ranka ya daɗe, abin da ba a koya wa sunansa ba, lambar mazauninsa a cikin kwamfuta kawai yake faɗa."

Manaja ya rotsa masa kofi a goshi, ya fice yana zage-zage.

Dogo ya ɗauki takardar, ya daɗe yana dubawa.

"Malam, shekara biyu na yi ina koyon wannan aikin na kwamfuta kafin duniya ta juya min baya. Lamba ɗaya ce sau arba'in. Mutum ɗaya ke nan, kuma ga shi a gabana."

Mai Tabarau ya runtse ido, yana jiran saukar ƙarfen da Dogo ya zo da shi. Sai ya ji ana yayyaga takarda.

"Injin nan ne ya cinye hannun ƙanena," in ji Dogo. "Gobe ka rubuta na arba'in da ɗaya."