Sabis Irin Na Kebbe

"Mu'minatu, kin sake rage sabis ɗin?" Attahiru, shugaban ofis, ya daka mata tsawa.

Ba ta ɗago ba. Aikinta ke nan a ɗan kamfaninsu na Tambuwal: ta shaƙe intanet ɗin kwamfuta da gangan, ya koma irin na ƙauyukan Kebbe, a ga ko manhajar saƙon murya da suke haɗa wa manoma za ta jure.

"An gama gwajin nan tun makon jiya. Mi ya rage?"

"Saura kaɗan, Malam."

Ya fizge wayar abin kunnenta daga jikin kwamfutar. Muryar wani tsoho ta cika ɗakin, tana tsinkewa.

"Ɗiyata..." Shiru. Ɗan zobe yana juyawa a allo. "Jikin da sauƙi..." Shiru. "Kada ki taso, yi aikinki..."

Attahiru ya ajiye wayar. Ya san muryar. Shi da kansa ya kai Mu'minatu Kebbe ranar jana'izar mahaifinta, washegarin ranar da saƙon nan ya shigo.

Ya sassauta murya. "To, ki saki sabis ɗin mana, ki ji shi sosai."

"Na taɓa saki," ta ce. "Kafin in share hawaye har ya yi sallama. Amma in na rage, yakan tsaya, kamar yana jiran amsata."

Zoben ya ci gaba da juyawa. Ta matso kusa da allon.

"Na'am, Baba. Ina jin ka."