Kitsen Tarwada

Shekara biyu ke nan da likita ya faɗa wa Dabo, masunci a Kalmalo, cewa hawan jini ya cinye masa ƙoda a ɓoye. "Kashi ɗaya cikin huɗu ya rage," in ji likitan. "In ka riƙe ƙwayoyinka, ka rage gishiri da nama, sai ka yi shekaru ba ka ga injin wankin ƙoda ba."

Dabo ya riƙe. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne tsufan da ciwon ya jawo masa. Shekararsa arba'in da bakwai, amma fuska ta yamushe, wuya ya zama igiya.

Wata Lahadi a kasuwar Illela, amininsa Jaɓɓo dillalin shanu ya tare shi da tsiya.

"Tsoho, a gaishe ka! Wai tsakaninka da yayanka Hamidu, wa ya goyi wani?"

"Allah shi shirye ka," in ji Dabo, da dariyar da ba ta kai ciki ba.

Sai Jaɓɓo ya zaro waya ya kunna masa wata murya da aka turo. Mai maganar ya rantse cewa Turawa sun bincika, man kifi yana hana ƙwayoyin jikin mai ciwon ƙoda tsufa.

"Akwai shi Ƙwanni, cikin 'yan kwalabe," in ji Jaɓɓo. "In sawo maka?"

Dabo ya tuntsire. "Ni ɗan Kalmalo in ƙetare iyaka neman man kifi? Mi ni ka yi cikin ruwa shekara talatin?"

Tun daga ranar, duk tarwadar da ya kamo sai ya farke cikinta, ya yanke kitsen, ya narka a kasko. Cokali uku da safe, uku da marece. Ya bi da kifin banda mai gishiri da yaji, har ya ƙoshi. Ƙwayoyin asibiti kuwa ya tura su ƙarƙashin katifa.

Matarsa Rahama ta gani. "Malam, maganin likita fa?"

"Magani biyu ba su zama ciki guda. Wanga na Allah ne, daga ruwa ya fito."

Abin mamaki, cikin wata biyu fuskar Dabo ta cika. Yamushewar nan ta ɓace, kumatu suka fito, fata har sheƙi take. A bakin tafki sai barka ake masa. Jaɓɓo da kansa ya ce, "Kai, ango! Sai dai a nemo maka budurwa!"

Rahama kaɗai ce hankalinta bai kwanta ba. Takalminsa ya daina shigarsa. Wata rana yana zaune ta danna yatsa a ƙwaurinsa. Ta ɗauke, ramin ya tsaya.

"Malam, wagga ba ƙiba ba ce."

"Ke dai ba ki son ki ga na murmure."

Kwana tara bayan haka, da hantsi, yana tsakiyar jan taru numfashi ya ƙi. Masunta suka fito da shi yana haki, leɓe ya yi fari. Kafin azahar mota ta kai shi Sakkwato.

Likita ya duba sakamakon jini, ya dubi Dabo.

"Ruwa ne ya cika ka, har huhu. Ƙodar ta daina tacewa."

"Amma an ce man kifi..." Muryar Dabo da ƙyar take fita.

"Ana binciken, gaskiya ne, kuma ba a gama ba. Amma wani mai ne tatacce, da awo, a kan maganin asibiti ake ƙara shi, ba a madadinsa ba. Da ka tambaye ni, minti biyu ya isa."

Yanzu sau biyu a mako ake ɗora Dabo a kan inji, awa huɗu yana kallon jininsa na zagaya roba. Ruwan sha ma da ƙaramin kofi ake auna masa. Shi da Rahama sun tare a ɗakin wani ɗan'uwa a Sakkwato, don hanya ta fi ƙarfinsa. Tarunsa yana hannun Hamidu.

Jama'a, labarin bincike da aka ji a waya ba takardar likita ba ne. Mai ciwon ƙoda kada ya ajiye maganinsa, kada kuma ya ƙara komai a kai, ko da daga tafkin garinsu ya fito, sai ya tambayi likitansa.