Tulun Rakiya

"Ka zana ta tana murmushi," in ji babban boka, ya dogara sandarsa, gajeriyar ƙafarsa na lilo. "Gata aka yi wa matarka, tsoho. Ba kowace mace ke raka sarki kabari ba."

Maginin tukwanen bai ɗago kai ba. Matarsa ta ƙarar da ƙuruciyarta tana dafa wa sarki giyar masara, ga sakayyar: gobe a shaƙe ta, a kwantar da ita a ƙafafun gawa. Kuma wai shi zai zana ta a jikin tulun rakiya, cikin kwarangwal masu rawa da busa sarewa. Duk wanda surarsa ta fito a tulun nan, ƙasa ta kira shi, ko ɗan sarki bai isa ya musa ba.

"Kwarangwal ai kullum haƙoransa a waje suke, ranka ya daɗe," in ji maginin.

"Bakin nan naka ne zai kashe ka."

Maginin ya dama jar ƙasa, ya zana, ya gasa tulun shi kaɗai.

Washegari a gindin dalar tubali, kushewar sarki, aka yaye mayafin tulun a gaban jama'a. A jikinsa ga dogari da kulkinsa, ga mabushi, ga karen sarki. Aka juya, aka sake juyawa, babu mai tukunyar giya. A gurbinta wani kwarangwal ne ya dogara sanda, ƙafarsa ɗaya ba ta kai ƙasa ba.

Masu igiyar shaƙewa suka waiwayi boka.

"Duba da kyau, ranka ya daɗe," in ji maginin. "Har da murmushin."